Yadda Ɗalibin da Ke Karatu a Ƙasar Waje Zai Tafiyar da Kuɗinsa

Yawancin ɗaliban da kuɗi ke yanke musu a tsakiyar zangon karatu a ƙasar waje ba almubazzarai ba ne. Abin da ya fi jefa su cikin matsi abu biyu ne: rashin sanin ranar da kowane kuɗi zai fita daga hannunsu, da kuma yin lissafi da kuɗin ƙasarsu alhali da kuɗin wata ƙasa suke biyan haya da abinci. Wanda ya gyara waɗannan biyun tun kafin ya hau jirgi ya rage wa kansa mafi yawan wahalar da takwarorinsa ke sha.

Wurin da ya kamata a fara shi ne adadin da hukumar shige da fice ta ƙasar ta gindaya kafin ta ba da biza, domin shi ne ƙiyasin da ita kanta gwamnatin ta yi na abin da zai riƙe ɗalibi. Jamus, daga watan Satumba na 2024, ta buƙaci a zuba yuro 11,904 na shekara guda a wani kullallen asusu wanda ba ya sakin fiye da yuro 992 a wata. Birtaniya, a farkon 2025, ta nemi ɗalibi ya nuna fam 1,483 na kowane wata idan a Landan zai yi karatu, ko fam 1,136 idan a wajen Landan ne, har na tsawon watanni tara, kuma dole kuɗin ya yi kwana 28 a jere a cikin asusu. Kanada ta ɗaga nata adadin daga dala 10,000 zuwa dala 20,635 na kuɗinta a watan Janairu na 2024. Waɗannan alƙaluma suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka shafin hukumar ƙasar ne abin dubawa a makon da za a nemi biza, ba abin da wani ya faɗa bara ba.

Sai dai a fahimci cewa wannan adadi shi ne mafi ƙarancin abin da hukuma za ta yarda da shi, kuma bai haɗa da kuɗin makaranta ko kuɗin jirgi ba. Lissafin Birtaniya na watanni tara ne, amma mai karatun digiri na biyu yakan shafe watanni goma sha biyu yana biyan haya. Akwai kuma masu aro kuɗi su zuba a asusu don a gani, su mayar wa mai shi da zarar biza ta fito. Wannan dabara ba ta yaudarar kowa sai mai yin ta, domin mai gidan haya ba takardar banki zai karɓa a ƙarshen wata ba.

Watan farko

Babu watan da ya kai na farko cin kuɗi, kuma a daidai lokacin ne ɗalibi bai san gari ba, bai buɗe asusu ba, bai san inda kaya suke da sauƙi ba. A cikin 'yan makonni zai biya hayar farko tare da kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa, ya sayi kayan shimfiɗa da na girki da layin waya, ya sayi tufafin da suka dace da yanayin wurin, ya kuma biya abin da makaranta ke karɓa na rajista. Wasu kuɗaɗen ma tun kafin tafiya ake biyansu. Birtaniya tana karɓar kuɗin kula da lafiya na fam 776 a kowace shekara daga ɗalibi tun daga watan Fabrairu na 2024, kuma na dukan shekarun bizar ake biya a lokaci ɗaya yayin neman ta. Ostireliya ba ta ba da bizar karatu sai da inshorar lafiya da za ta kai ƙarshen zaman. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma akwai kuɗin zango da kowa ke biya, kuma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai tun 2017.

Mai tallafin karatu shi ma bai tsira daga wannan ba. Sau da yawa ba a fara biyan tallafin sai an buɗe asusu a ƙasar, banki kuma ba ya buɗewa sai ya ga shaidar adireshi da takardar makaranta, takardar makaranta kuma sai an kammala rajista. Kowane mataki yana jiran na gabansa, ga shi kuma ciki ba ya jira. Shawarata ita ce ɗalibi ya tafi da abin da zai riƙe shi na makonni shida aƙalla ba tare da ya dogara da tallafi ko aike daga gida ba, ya raba shi tsakanin kati da 'yan takardun kuɗi kaɗan. Wanda ya zaɓi ɗaukar tsabar kuɗi masu yawa ya sani cewa dole ne ya bayyana su ga jami'an kwastan idan sun kai yuro 10,000 a kan iyakar Tarayyar Turai, ko sun haura dala 10,000 a Amurka. Ɗaukarsu ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifin, kuma ana iya ƙwace su.

Tsara kasafin shekara

Kasafin da ke aiki na shekara ne, kuma da kuɗin ƙasar da ake zaune ake rubuta shi. A samu takarda ko jadawalin kwamfuta a jera watanni goma sha biyu, a rubuta a gaban kowane wata abin da zai shigo da ranar da zai shigo. Daga nan a kasa abin da zai fita kashi uku. Kashi na farko shi ne wanda ke fita kowane wata ba fashi, kamar haya da wuta da inshora da waya da tikitin sufuri. Kashi na biyu shi ne wanda ke zuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kamar kuɗin zango da sabunta takardar izinin zama da littattafai da tikitin zuwa gida. Kashi na uku shi ne na yau da gobe.

Kashi na biyun nan shi ne ke kayar da mutane, domin a watan da babu shi sai ɗalibi ya ga kamar yana da rara, ya kashe, sai ga shi ya faɗo a watan da ba a shirya masa ba. Maganinsa shi ne a haɗa jimillarsa ta shekara, a raba gida goma sha biyu, a riƙa ware kaso ɗaya kowane wata a wani asusu dabam kamar bashi ne ake biya. Abin da ya rage bayan an cire kashi na farko da na biyu shi ne ainihin kuɗin ɗalibi, kuma shi ma kada a bar shi dunƙule. A raba shi mako-mako, a zaɓi rana ɗaya a mako, kamar Litinin, da za a riƙa tura rabon makon zuwa katin da ake fita da shi. Idan rabon ya ƙare ranar Alhamis, matsalar ta kwana uku ce, ana iya lallaɓawa da abin da ke cikin ɗakin girki. Idan kuwa kuɗin wata ne ya ƙare ranar sha biyar ga wata, sai dai bashi.

A makonni huɗu na farko a rubuta duk abin da aka kashe, komai ƙanƙantarsa. Aiki ne mai gundura, amma na wata ɗaya ne kawai, kuma da shi ake gyara ƙiyasin da aka yi daga nesa. Haka nan, bayan makon farko ɗalibi ya daina juya kowane farashi zuwa kuɗin gida a cikin ransa. Mai yin haka ko dai ya tsorata ya riƙa ƙuntata wa kansa a kan abinci, ko kuma ya saba da manyan alƙaluma har su daina ba shi tsoro. Abin aunawa shi ne rabon makon: kaso nawa wannan sayayya za ta ci daga cikinsa?

Haya ita ce mafi girman abin da ke fita, kuma a nan kuskure ya fi tsada domin yarjejeniya ce da aka sa wa hannu. Kafin a sa hannu a tabbatar da abin da kuɗin ya ƙunsa. A Jamus akwai hayar da ba ta haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da sauran hidimomin gida ba, akwai kuma wadda ta haɗa, amma ko ita ɗin ƙiyasi ne, a ƙarshen shekara ake yin lissafi na gaskiya, kuma wanda ya sha ɗumi da yawa a lokacin sanyi zai ga takardar ciko. Akwai kuma kuɗin kafofin watsa labarai na yuro 18.36 a wata da ke kan kowane gida, ko da mazauna gidan ba sa kallon talabijin. Masu zama gida ɗaya suna raba shi ne a tsakaninsu. A Birtaniya ana yawan faɗin hayar ɗalibai da mako, kuma wanda ya ninka ta sau huɗu ya yi kuskure, domin shekara mako 52 ce. Idan aka ce fam 100 a mako, abin da ya kama a wata shi ne kusan fam 433, kuma bambancin ya kai hayar makonni huɗu a shekara. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai an kai takardar shaida daga makaranta.

Kuɗin ajiya yana da dokoki da ya kamata a sani. A Ingila dokar 2019 ta taƙaita shi ga hayar makonni biyar a yawancin gidaje, kuma a hayar gidaje masu zaman kansu dole mai gida ya sa shi a ƙarƙashin tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. A Jamus ba ya wuce hayar watanni uku, kuma ɗan haya yana da damar biyansa a kashi uku. Ranar da aka karɓi makulli, kafin a buɗe akwati, a ɗauki waya a zagaya ɗakin. A ɗauki hoton tabon da ke kan kafet, da tsagar da ke jikin madubi, da ƙofar kabad da ba ta rufuwa, da lambar da ke kan mitar wuta, a tura wa mai gida ta imel a ranar. Bayan shekara guda, lokacin da za a yi maganar mayar da kuɗin ajiya, waɗannan hotuna masu ɗauke da kwanan wata su ne shaidar da ba a musu da ita. Kada kuma a tura ko sisi ga wanda ya tallata ɗaki a intanet ya ce yana wata ƙasa, zai aiko da makulli bayan an biya.

Canji da tura kuɗi

Kuɗin da ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa yana raguwa a hanya ta fuska biyu: ladan da aka bayyana, da kuma ribar da aka ɓoye a cikin farashin canji. Ta biyun ce ta fi girma a mafi yawan lokuta. Kamfani zai iya cewa ba ya karɓar lada, amma ya ba da farashin da ya gaza na kasuwa da kashi uku cikin ɗari, wanda a kan kuɗin makaranta na 10,000 ya zama 300 da suka tafi ba a gani ba. Tambaya ɗaya ce ke bayyana gaskiya: idan aka tura wannan adadi yau, nawa ne daidai zai sauka a asusun mai karɓa? A yi wa hanyoyi biyu ko uku wannan tambaya a rana ɗaya, a kwatanta amsoshin. Idan aka tura kuɗi ta hanyar bankuna kuma, wani bankin da kuɗin ke ratsawa a tsakiya yana iya yankar nasa, kuɗin makaranta ya isa da giɓi kaɗan, giɓin kuma ya hana rajista. Saboda haka a tura da wuri, a rubuta lambar ɗalibi a kan aiken, a adana rasit.

Akwai wani tarko ƙarami da ke jiran duk mai amfani da katin gida a waje. Na'urar biyan kuɗi a shago ko ta cirar kuɗi za ta tambaya ko ana so a caji katin da kuɗin ƙasar mai kati ko da kuɗin ƙasar da ake ciki. Na farkon yana da daɗin gani domin mutum ya ga alƙaluman da ya saba da su, amma farashin canjin na masu na'urar ne, kuma kusan kullum ya fi tsada. A zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki.

Idan iyaye ne ke ɗaukar nauyin karatun da kuɗin da darajarsa ke hawa da sauka, to a bar sarari a cikin kasafi, domin abin da ya isa a watan Satumba zai iya gazawa a watan Maris ba tare da ɗalibi ya ƙara kashe komai ba. Duk lokacin da aka samu hali, gara a canza kuɗin zango gaba ɗaya a ajiye shi a kuɗin ƙasar da za a kashe shi. Jiran farashi ya sauko caca ce da bai kamata a yi ta da kuɗin haya ba.

Aiki a gefen karatu

Aiki yana taimakawa, amma kada a sa albashinsa cikin kasafi kafin a same shi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kowace ƙasa kuma tana da iyakarta. Birtaniya ta yarda wa mai karatun digiri sa'o'i 20 a mako a lokacin zango, kuma ta hana shi sana'ar kansa. Amurka ta yarda da sa'o'i 20 a cikin harabar makaranta ga mai bizar karatu ta F-1, aiki a waje kuwa sai da izini na musamman. Kanada ta tsayar da sa'o'i 24 a mako a wajen makaranta daga watan Nuwamba na 2024, Ostireliya sa'o'i 48 a kowane mako biyu daga watan Yuli na 2023, Faransa sa'o'i 964 a shekara, Jamus kuma cikakkun ranaku 140 ko rabin ranaku 280 a shekara daga watan Maris na 2024. Ƙetare iyakar nan yana iya jawo soke biza, wanda ke nufin asarar duk abin da aka kashe tun daga farko. Aikin da ake biya hannu da hannu ba takarda shi ma haɗari ne, domin ranar da mai aikin ya hana kuɗi, ɗalibi ba shi da bakin kai ƙara. A riƙa duba takardar albashi don ganin abin da aka cire na haraji, domin a ƙasashe da dama ana mayar wa mai ƙaramin albashi abin da aka cire fiye da ƙima idan ya nema. A Amurka ma akwai fom mai lamba 8843 da ɗalibin waje ke cikewa ko da bai samu ko dala ɗaya ba a shekarar.

Game da kashe-kashen yau da gobe, abin faɗa ba shi da yawa. Girki a gida, musamman a dafa na kwana biyu ko uku a lokaci ɗaya, shi ne babban abin da ke raba mai rara da mai bashi. A kanti a duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya, domin babban ƙunshi ba kullum ne ya fi sauƙi ba. A Amurka da Kanada farashin da ke jikin kaya yawanci bai haɗa da haraji ba, sai a wurin biya ake ƙara shi. Katin shaidar ɗalibi yana rage kuɗi a wurare da yawa idan an tambaya: katin jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25 a Birtaniya yana rage kashi ɗaya bisa uku na yawancin tikiti, a Faransa kuma gidajen abincin CROUS, hukumar kula da walwalar ɗalibai, suna sayar wa ɗalibai da rangwamen gwamnati. Littafi a duba laburare kafin a saya. Manhajar da aka shiga don gwajin kyauta a soke ta a ranar da aka shiga, kafin a manta. Katin bashi da tsarin nan na ɗauki kaya yau ka biya gaba kuwa, wanda kuɗinsa ke zuwa daga wata ƙasa kuma ba shi da tabbacin ranar zuwansa ya fi kowa cancantar nisantarsu, domin tarar jinkiri da kuɗin ruwa ba sa sauraron uzuri.

Abin da ya fi wannan muni shi ne bayar da aron asusu. Wani zai zo, wataƙila ma ɗan ƙasarku ne mai fara'a, ya ce za a turo masa kuɗi amma asusunsa yana da matsala, a karɓa masa a tura gaba, a cire wani abu na lada. Wannan hanya ce ta halatta kuɗin haram, kuma sunan mai asusun ne zai bayyana a gaban banki da 'yan sanda. Ana rufe asusun, ana iya hana mutum buɗe wani na tsawon shekaru, ana kuma iya gurfanar da shi. Haka nan duk wanda ya kira waya ya ce daga hukumar shige da fice yake, a biya tara yanzu ko a kori mutum daga ƙasa, ɗan damfara ne. A kashe wayar a tuntuɓi ofishin kula da ɗaliban waje na makaranta.

Wannan ofishin ne kuma wurin zuwa idan kuɗi ya makara, kuma lokacin zuwa shi ne kafin ranar biya ta wuce. Jami'o'i da yawa suna da tsarin biyan kuɗin makaranta kashi-kashi, wasu suna da asusun agajin gaggawa ko wurin rabon kayan abinci, amma sun fi sauraron wanda ya zo da wuri da shaidar cewa kuɗin yana hanya. Mai gida ma a rubuta masa tun da wuri, a faɗi ranar da za a biya da abin da za a iya bayarwa yanzu. Kunya tana hana ɗalibai da dama yin haka har sai an toshe musu shafin rajista. A gida ma a faɗa wa masu ɗaukar nauyi gaskiyar lissafi, a tura musu jadawalin watanni goma sha biyun nan da ranakun biya a jiki, domin su san cewa kuɗin zango na biyu yana buƙatar barin hannunsu makonni kafin ranar da makaranta ta sa.

Idan karatu ya zo ƙarshe, a ba da sanarwar barin gida da soke yarjejeniyar waya da inshora da wuta a cikin wa'adin da kowace takarda ta tanada, wanda a wasu ƙasashe yakan kai watanni uku. Kada a rufe asusun banki sai kuɗin ajiyar gida da albashin ƙarshe da duk wani ragowar haraji sun shigo.